Wasiƙu Goma Sha Bakwai a Bakin Ƙofa

Ko da zan manta ranar ɗaurin aurena, ba zan manta la'asar ɗin da na canza lamba ɗaya a kwamfuta ba.

Lokacin ina koyon rubuta manhaja, da yamma kuma ina tsaron shagon atamfar Babanmu a unguwar Briqueterie, littafin soyayya a ɓoye ƙarƙashin yadi. Wanda ke nemana ya sami aikin katako a dajin gabas, inda waya ba ta da rezo, wato sabis, sai imel a ofishin patron, maigidansa na aiki. Ranar tafiyarsa ya ce, "In kin amince, ki rubuto kafin wata ya ƙare, in turo magabatana. In na ji shiru, na gane."

Da wata yarinyar ce, da ta rubuta "na amince" ta huta. Ni kuwa littattafai sun riga sun koya mini cewa so ba ya son gaggawa. Na rubuta wasiƙu ashirin, na haɗa 'yar manhaja mai aika ɗaya kowace safiya, amsar tana cikin ta ƙarshe. Na gwada a makaranta, ta yi aiki. Na ma hana ta nuna jan rubutun kuskure, sai dai ta zana fure ta ce an aika. Kullum ina ganin furena, ina murmushi, ina cewa daɗin kalamaina ne ya ɗaure masa baki.

Rana ta goma sha bakwai ƙanwarsa ta biyo daga kasuwar Mokolo, ko zama ba ta yi ba.

"Anti, ashe haka kike? Yaya ya rubuto mini, ya ce shiru ma magana ce. Gobe zai sa hannu ya ƙara shekara a dajin."

"Wane shiru? Ni da nake rubuta masa kullum!"

"To, aljanu kike aika wa?"

Ban tsaya kuka ba, ko da yake a littafi nan ne ake suma. Na jawo kwamfuta kan teburin yanka, na cire furen, na bar manhajar ta faɗi gaskiya. Ashe ko ɗaya ba ta fita ba. Kowace wasiƙa tana bi ta wata ƙofa mai lamba, wadda masu sana'ar ke kira port. Ni na sa 25. A makaranta buɗe take, amma kamfanin intanet ɗinmu na gida ya toshe ta saboda masu watsa saƙonnin banza. Na goge 25, na rubuta 587, na ƙara layin da ke rufe sirrin saƙo, tunda wannan ƙofar ba ta karɓa sai da shi. Na cire jiran safiya, na danna.

Duka ashirin suka tafi a tare.

Kafin magariba amsa ta zo: "Patron ya zaci cuta ce ta kama kwamfutarsa. Na fara da ta ƙarshe. Su Kawu suna nan tafe ran Juma'a."

Ƙanwarsa ta rangaɗa guɗa har telolin layinmu suka tsayar da kekunansu.

Sauran goma sha taran, sai bayan biki ya karanta, ina gefensa ina rufe fuska. Abin da ranar ta koya mini bai bar ni ba: a so ko a sana'a, kada ka yarda da furen da ka zana wa kanka. In ka aika, tashi ka duba ko ƙofar a buɗe take.