Rashin Malam Isiyaku, Mai Awon Ƙasa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 14 ga Janairu, 2025, 'yarka Na'ima ta kira ni ta ce ka cika a gidanka na Kibiya, bayan jinyar kwana tara. Ina zaune a ƙofar gidana a Rano. Na ajiye wayar, na rasa wanda zan fara gaya wa.

Malam Isiyaku, shekara ashirin da shida muka yi tare muna gwada ko ƙasar da aka danne a hanya ko madatsa ta dannu. Tsofaffin littattafanmu suna ƙirga fam nawa na ƙasa ke cika akwati mai ƙafa ɗaya tsawo, faɗi da zurfi. Sababbin takardu kuma kilo nawa ke cika mai mita ɗaya. Da ka kake juya wannan zuwa wancan: a ninka sau goma sha shida da 'yar ɗoriya. Da na riƙa rikicewa, ba ka taɓa yi mini dariya ba. Ka ce in riƙe awon ruwa: fam sittin da biyu da ɗigo huɗu, kilo dubu ke nan.

Ina tuna ƙaramar madatsar da aka yi a saman wani ƙauye. Ƙa'ida ta ce kilo dubu da ɗari tara. Ɗan kwangilar ya kawo sakamakonsa da fam, ɗari da goma, ya rantse ya kai. Kowa ya gaji, damina ta matso, ni ma na so a wuce. Ka dubi takardar ka ce, "Alhaji, wannan dubu da ɗari bakwai da sittin ne. Akwai gidaje a gangaren nan. Ba zan sa hannu ba."

Aka sake danne ƙasar mako uku, kai kuma aka mayar da kai sito kana ƙirga shebur har shekara. A watan Agusta ruwa ya cika madatsar taf, ba ta ɓalle ba. Mutanen ƙauyen ba su san sunanka ba har yau.

Tun da muka yi ritaya, kowace Juma'a nakan zo Kibiya mu sha fura, mu yi ta musun lissafin da ba wanda ya damu da shi. A zaman makokinka an yabi haƙurinka da zumuncinka. Na so in ba da labarin madatsar, na duba, babu ko ɗaya daga cikin abokan aikinmu. Duk sun riga mu gidan gaskiya. Juma'ar da ta wuce har na sa hula na fito bakin titi kafin na tuna.

Allah Ya jiƙanka, Ya nauyaya mizaninka da alheri, Ya haskaka kabarinka. Hajiya Ramlatu, Na'ima, Amiru da sauran iyali, Allah Ya ba ku haƙuri. Idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.

Mato Saji, Rano