Masarar da Ba a Shuka Ta Sau Biyu

An sha wuya a zamanin sojan nan, ba wani kwana-kwana. Sabulu sai an bi layi, taki sai wanda ya san wani, naira kuwa kullum ƙara lalacewa take. Yawancin wahalar na manta ta. Wanda ba zai bar raina ba har in koma ga Allah shi ne abin da na yi wa matata a kan masarar Amurka.

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Paki, boko aji uku na yi aka cire ni. Wata ranar kasuwar Ikara sai ga motar wani kamfanin iri, da wani saurayi ɗan Zariya cikin hular hana-salla da wandon jins, yana taunar cingam, yana magana ta hanci kamar a Amurka aka yanke masa cibi. Ya baje hotuna: gona ba iyaka, inji kamar gida, Bature ɗaya tsaye yana murmushi. Ya ce irin da suke shukawa ke nan.

Tun a wurin ban yarda da shi ba. Irin ja ne jawur kamar an sa masa lalle.

Na ce, "Samari, me aka shafa masa?"

"Maganin ƙwari ne, Baba."

"Ba dai na hana haihuwa ba?"

Aka kwashe da dariya, amma na san rabin masu dariyar abin da ke ransu ke nan. Ya ce, "Haba Baba, shukawa za ka yi, ba tuwo ba."

Na sayi ƙaramin buhu ina gunaguni. To, gaskiya dai masara ta yi. Kara a jere kansu ɗaya, goyo kamar damtsen ƙato. Da kaka sai na yi abin da na ga ubana yana yi: na zaɓi manyan goyo, na ɗaure su, na ba matata ta rataye a saman murhu don hayaƙi ya tsare su. A gidanmu mace ce ke tsaron iri. Tsohuwar farar masararmu kuwa muka cinye ta tas, na ce me za a yi da ita kuma.

Damina ta zagayo na shuka wanda muka rataye. Sai ta fito barkatai, wata doguwa, wata ko ƙugu ba ta kai ba, goyon duk giɓi. Ga gonar maƙwabcina a gefe, wani Kirista ɗan kudancin Kaduna, shi ma ta Amurkan ya shuka, tasa luf-luf. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya. Na ce ashe ɓarnar daga gidana take. Sai na tuna da bazara ƙanen matata ya zo daga Kudan, ya koma da ƙulli a bayan keke.

Na same ta tana tankaɗe. Na ce, "Ina irin da na ba ki?"

"Wane iri kuma, Malam? Ba shi ka shuka ba?"

"Kin ba ƙanenki, kin sayo min tarkacen kasuwa."

Ta ajiye rariya. "Daddawa ce a ƙullin nan, Malam. Shekara nawa ina tsaron irinka, ko da yunwa ta ci mu na taɓa gasa goyo ɗaya?"

Na ce ta rantse. Wannan kalmar ce ta yi ɓarna. Ba ta rantse ba, ba ta yi kuka ba. Ta wanke hannu, ta yafa mayafi, ta tafi gidansu a Kudan. Ni kuma na ce tafiyar ma shaida ce.

Sati uku ina cin ɗumame a gidan yayana. Rannan da la'asar maƙwabcin nan ya tsaya a kan iyaka, ya dubi gonata ya girgiza kai.

"Maƙwabci, a ina ka sayi irin bana?"

"Saye? Na bara na ajiye."

Ya riƙe baki. "Ai wannan ba a maimaita shi! Kowace shekara sabo ake saye. Yana nan a rubuce a jikin buhun."

Na je gida na ɗauko buhun na kawo masa, da ma na yanka shi na toshe taga. Ya bi rubutun Turancin da yatsa ya karanta min. Na zauna a kan kunyar gona.

Wai haka halittar irin take, ba mugunta ba ce. Haka masu boko suka ce. Ni dai har gobe ina tambaya, wane irin iri ne ba ya haifar kamarsa sai ka koma wurin mai shi? Kuma don me saurayin nan ya nuna mana hoto goma, bai faɗi wannan magana ɗaya ba? Amma babban laifin nawa ne. Baƙo na zarge shi rabin sa'a na miƙa masa kuɗi, wadda ta haifa min 'ya'ya biyar kuwa na ce sai ta rantse. In abu ya lalace maka, fara binciken baƙon abin da ka shigo da shi kafin ka taɓa na gida.

Washegari da sassafe na sayi goro, na naɗe buhun nan na ɗaura a bayan keke, na kama hanyar Kudan. Na tarar da ubanta a zaure, na cire takalmi, na durƙusa na ce, "Baba, biko na zo. Ni ne mai laifi."