Mero Mai Bututun Tama

Mero 'yar masu ginin tukwane ce daga Dandume. Aure ya kai ta wata unguwa a gefen Maska, gidan Sada mai narkar da tama, tun zamanin da fartanyar kowane manomi a yankin daga ƙasarsu take fitowa.

Da an gama girbi, su Sada kan fita daji su gina murhu mai tsawon mutum, su cika shi da tama da gawayin ƙirya, su jera bututan yumɓu a gindinsa don iska ta shiga. Bututan nan su ne damuwarsa. Kafin ƙarfe ya haɗu, kashin tama, dattin nan da ke narkewa yana malala, ya cinye bakinsu, wuta ta shaƙe.

Wata rana ya dawo da guntayensu a kwando, ransa a ɓace. Mero ta ɗauki ɗaya ta murje shi da yatsa.

"Maigida, yumɓun rafi ne wannan? Ai ko tukunyar tuwo ba na yi da shi zalla."

"Me kike sa masa?"

Ta ɗauko wani farin dutse mai santsi kamar sabulu, irin wanda innarta ke dakawa. Sada ya yi dariya, amma ya bar ta ta gina uku. Ta daka dutsen, ta tankaɗe, ta cuɗa da ƙasar suri da garin tsohon kasko, ta shanya su a inuwa kwana tara.

Da aka gama narka tama da su aka fasa murhu, na Sada duk sun zagwanye. Nata sun yi baƙi ƙirin, amma bakinsu na nan.

Shekara talatin tana wannan aiki. Har daga Dayi ake zuwa da jakuna, a sauke mata gero a ɗauki bututu. Da rani tsakar gidanta ba wurin sa ƙafa, ita kuwa tana tsakiya, tana cuɗa yumɓu tana waƙa.

Bayan rasuwar Sada ta ce wa 'yarta Nana ta kai ta dajin, don ba a barin mata su kusanci murhu in yana ci, ba ta taɓa gani ba. Suka tarar ciyawa ta rufe tsibin kashin tama. Mero ta tona da sanda, ta zaro rabin bututu, ga shatin babban yatsanta a jiki.

"Ashe nan suke zuwa," ta ce. Ta daɗe a zaune, sannan ta ce su koma kafin la'asar.