Wanda Ya Rufe Ƙofar Masaƙa

Haƙoran gaba biyu da hannun hagu, su Malam Rukuni ya bayar a cikin aji, a shekararsa ta goma sha tara da fara koyarwa. Hannun ya ɗoru, amma har yau ba ya miƙewa sosai.

Malamin ilimin zamantakewa ne a jami'a, kuma kowane zangon farko sashen tarihi kan aro shi ya koya wa ɗalibansu manyan mazhabobin fanninsa. Gajere ne mai tumbi, ga faɗa kamar an aiko shi. Ubansa ɗan dako ne, shi ma ya ɗauki buhu kafin karatu ya ɗauke shi. Sunan kuwa ɗalibai ne suka laƙaba masa, don ba ya minti biyar bai ce, “Mu ba mutum muke kallo ba, rukuni muke kallo” ba. Ko matarsa in ya ɓata mata rai sai ta ce, “To Malam, yau kuma wane rukuni ka jefa ni?”

Yana da dabararsa ta koyarwa, yana kuma ji da ita. Sai ya ɗauko abu guda da ya faru a tarihi, ya kasa aji uku. Kashi na farko su dubi al'umma kamar jikin mutum, kowace gaɓa da aikinta, su faɗi wadda ta gaza. Na biyu su ce zaman duniya kokawa ce tsakanin masu shi da marasa shi. Na uku su sauko ƙasa, su dubi abin da mutum ya fahimta da maganar ɗan'uwansa a lokacin da suke ido da ido. Shekara da shekaru daulolin da suka rushe yake ba su, mutanen da ko jikokin jikokinsu ba su san kabarinsu ba. Ɗalibai su yi ta hamma, shi kuma ya yi ta masifa.

Hammar ce ta ishe shi. Sai ya ce bana a bar matattun nesa, a ɗauki yajin aikin masaƙar garin, wanda aka yi shekara ashirin da biyu baya. A ranar, masu masaƙa sun ɗauko hayar ƙarti da gorori, aka rufe babbar ƙofa da ma'aikata a ciki, aka yi ta jibgarsu har mutum goma sha ɗaya suka mutu.

Nan Malam ya tafka wauta, irin wadda sai mai ilimi ke iya tafkawa. Ya manta su wa yake koyarwa. Shi a fanninsa “ma'aikata” da “masu jari” sun ishe shi. Ɗalibin tarihi kuwa an hore shi tun shekarar farko cewa magana ba suna, ba kwanan wata, ba shaida, tatsuniya ce. Sai yaran nan suka bazu unguwanni da rikoda, suna durƙusa wa tsofaffi.

Ranar gabatarwa kashi biyun farko suka yi nasu lafiya. A na uku wata ɗaliba mai tabarau ta miƙe, yarinya mai ƙoƙari wadda ba ta da mugun nufi ko kaɗan. Ta ce ta sami shaidu huɗu da bakinsu ya zo ɗaya: manaja bai ce a rufe ƙofa ba, hannu kawai ya ɗaga, mai gadi ya fahimci abin da ya fahimta, ya danna kwaɗo. Daga nan ta karanto cikakken sunan mai gadin, har da unguwarsu.

Kowa a ajin ya san sunan, don kullum ana kiransa a rajista a ƙarshen sunan wani ɗalibi. Ɗan mai gadin yana zaune a layi na huɗu, siririn saurayi mai rubutu da hagu, ya buɗe baki yana kallonta. Da gani bai taɓa jin labarin ba.

A bayan aji akwai wani ƙato da ake kira Dogo. Yana cikin uwarsa aka fito da gawar ubansa daga masaƙar. Sai ga shi ya miƙe tsaye.

“Dogo, zauna!” in ji Malam. “Na ce ka zauna!”

Ina! Dogo ya taka benci ya tsallako. Naushin farko ya fasa wa ɗan mai gadi hanci, jini ya wanke littafinsa. Wasu uku suka taso, su ma masaƙar ta cinye musu wani. Ɗaya ya karya kujera ya zare ƙafarta, mai ƙusa a jiki. Mata suka sa ihu, aka yi ƙofa ana tattaka juna, tabarau ɗin yarinyar ya faɗi aka murƙushe shi.

Malam ya ga an kai saurayin ƙasa ana taka masa kai, ya san in aka ƙara minti biyu gawa za a ɗauka. Ya kutsa da kafaɗa irin ta 'yan dako, ya kife a kansa. Dukan da ya karya masa hannu ya ji ƙararsa kafin ya ji zafinsa. Wani ya sa masa takalmi a baki. Yana tofar da jini yana cewa, “Ba a haife shi ba! Wallahi lokacin ba a haife shi ba!” Ba wanda ya saurare shi, sai da masu tsaron makaranta suka shigo da kulake.

A asibiti aka naɗe masa hannu, ya ƙi kwanciya. Ya zauna a bencin ƙofar ɗakin tiyata, kunya da baƙin ciki sun fi karayar cinsa. Likita ya fito ya ce saurayin zai rayu, amma idon dama ya tafi.

Da la'asar wani tsoho ya shigo yana jan ƙafa, riga a karkace, ko hula bai tsaya sawa ba. Aka nuna masa Malam. Malam ya yunƙura zai miƙe, tsohon ya dafa shi ya zauna kusa da shi. Bai zage shi ba, kuma da ya zage shi da Malam ya fi samun sauƙi.

“Kai ne malaminsu?”

“Ni ne, Baba. Laifina ne.”

Tsohon ya girgiza kai, ya daɗe yana kallon ƙofar tiyatar.

“Ni na rufe,” ya ce. “Shekara ashirin da biyu ban tashi daga gidan nan ba, ban canza suna ba, kullum ina zaune a ƙofar gida ina jira a zo mini. Malam, tunda har unguwarmu aka faɗa musu, me ya hana su ƙaraso?”