Keken Iskar Yaya Bitrus

Duk wanda ya san Yaya Bitrus a Samaru ya san ba ya amsa gaisuwa sai ya lashi yatsa, ya ɗaga sama, ya ji inda iska ta dosa. Ko ni ƙanwarsa Saratu haka nake tsayawa har ya gama.

Malamin kimiyya ne a sakandare kafin ya yi ritaya. Wata shekara da aka yi wahalar mai, ciwo ya taso wa matarsa Rifkatu, ga mota a ƙofar gida amma babu ɗigon fetur. Kafin a samo abin hawa ta cika. Bayan jana'iza ya sayar da motar, ya ce shi da fetur har abada.

Sai ya kwashi tayoyin keke uku ya kai wa Oga Chidi mai walda a Sabon Gari, ya haɗa masa su, da kujerar mutum biyu da dogon ƙarfe tsaye a tsakiya. Yaya ya roƙi tsohuwar tamfol a coci ya ɗaura a jikin ƙarfen, don iska ta riƙa tura keken. Chidi ya tambayi inda za a sa birki, Yaya ya ce iskar da ta tura shi ita za ta tsayar da shi. Ranar gwaji, gonar barkonon maƙwabci ce ta tsayar da shi. Na kai masa man zafi, gwiwa duk a kumbure, abin da ya ce kawai shi ne, "Saratu, kin dai ga gudun ko?" Washegari a ɓoye ya koma aka sa birki.

Gardamarsa da mutane ɗaya ce. Kowa na cewa ka ba iska baya ta tura ka. Shi kuwa ya ce in tana bayanka, da gudunka ya kai nata sai tamfol ta saki. Amma in ta gefe take bugowa, taya ba ta yarda ta zame gefe, tamfol na nan cike tana ja, har ka fi iskar kanta gudu. Fasto ya ce bai taɓa jin abin da ake turawa ya tsere wa mai tura shi ba. Yaya ya ce, "To Fasto, zo ka hau." Fasto ya tuna yana da taron dattawa.

Ni na hau, ranar da hadarin farko ya taso, a wani fili bayan gari. Iska ta suri wata leda tana gudu da ita, muka kamo ta, muka wuce. Ni ina ta kiran sunan Yesu, shi yana dariya.

Da muka tsaya ya ce, "Je ki faɗa wa Fasto." Amma ya kasa tashi daga kujerar. Na ɗaga shi, na ji ba nauyi, kamar na ɗauki yaro. A nan na gane ya daɗe yana ɓoye mana ciwo. Bai ga ƙarshen daminar ba.

Ubangiji, ka karɓi bawanka Bitrus da taurin kansa duka. Ka ba shi hutawa. Amin.