Hanyar da Ta Ƙare Gindin Tsamiya

Yau shekara uku ke nan da rasuwar yayana Sanusi, amma ni har yanzu ina cikin motarsa, a daidai lokacin da na lura babu ko mota ɗaya da ke tahowa daga gabanmu. Bayan azahar ne, ranar kasuwa, muna dawowa Katsina daga ƙauyen gwaggonmu, mu biyu kawai. Hanyar da ke cika da motoci ta yi tsit. Na ce, "Yaya, ina mutane?" Rediyo ya kashe.

Yaya direban haya ne. Wani kamfani ya liƙa masu wata 'yar na'ura a gilashin gaba, shi da abokan aikinsa na tasha. Tana da ido, tana jin rami, tana sanin kwana, duk inda mota ta bi sai ta aika labari. A can ofishinsu na GRA ake haɗa labarin motoci da yawa a fitar da taswira. Direbobi suna kiranta 'yar gulma. Yaya kuwa alfahari yake da ita. Yakan ce mani, "Hindatu, shaidar mota ɗaya ba ta yin hanya. Sai wasu sun bi sawunka sun ce e, haka ne, sannan a zana."

Da muka hango itatuwan da aka gitta a kan kwalta, da mutane kan babura, Yaya bai juya ba, don akwai wasu a bayanmu. Sai ya karya kan motar ya faɗa wani burtali, hanyar shanu, tsakanin gonakin dawa. Muka yi tafiya har yashi ya riƙe taya kusa da wata tsamiya. Ya miƙa hannu ya buɗe mani ƙofa. "Shiga dawar nan ki kwanta. Ko mi kika ji, kada ki ɗago." Na kama rigarsa. Ya ce, "Sake ni, ke dai kin cika naci. 'Yar gulma na kunne, za a zo."

Na ji abin da ya ce kada in ɗago dominsa. Ban ɗago ba. Tururuwa suka hau wuyana, ban motsa ba.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tun ranar ban sake fita garin nan ba. Iyakata Ƙofar Sauri, gidan yayata, daga nan in dawo Ƙofar Guga. Na samu gurbin karatu a wani gari, na bari ya wuce. Inna takan ce, "Hanyar lafiya a bi ta da shekara," ni kuwa in ce a raina, a nuna mani ita tukuna.

Bara ne na yi ƙarfin hali na buɗe taswirar a waya. Ta girma ƙwarai. Lungunan da ko mai babur sai ya yi tambaya, duk sun fito. Da Yaya ya gani, da ya cika mu da baki a tsakar gida. Na bi hanyarmu da yatsa. Sai ga wani siririn layi ya rabu da kwalta, ya ɗan yi tafiya, ya tsaya. Ba gari, ba suna. Burtalin ne. Motocin tasha da suka zo nemanmu su ma suna ɗauke da na'urar. Sun bi sawunsa, sun ce e, haka ne, aka zana.

Ban san mi Yaya zai ce ba. Wataƙila ya yi dariya ya ce ya yi hanya tasa ta kansa, ko gwamna sai haka. Wataƙila kuma ya damu, kada wani baƙo ya bi ta yana zaton tana ɓullewa. Na yi niyyar zuwa ofishin in ce a goge, na kai bakin ƙofa na dawo. Yaya bai bar ɗa ba, bai bar gida ba. Layin nan ya bari, da ni. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

A waccan ranar, shugaban tasharsu, Malam Buhari, shi ya ga shiru ta yi yawa ya buga waya ofishin, aka ce masa motar ta bar kwalta ta tsaya wuri ɗaya. Suka taho da jami'an tsaro. La'asar sakaliya na ji ana kiran sunana, na ƙi amsawa, sai da na ga takalmansa dab da fuskata. Ya durƙusa ya ce, "Hindatu, Baba Buhari ne. Taso 'yata, kin tsira."

Ƙarfe biyar da 'yan mintuna ne. Shekara uku ke nan ina ƙoƙarin tasowa.