Aron Suna

A shekarata ta biyu a koleji a Dungas, ba ni da buri sai shiga ekip ɗin balo, wato ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta makarantarmu. Ni ɗan wani ƙauye ne kusa da Dogo-Dogo, ina zaune gidan mai masauki, ƙafafuna kamar karan dawa. 'Yan ekip kuwa su ne manya. Suna da fadarsu a gindin itacen bedi bakin filin wasa, suna shan shayi bayan la'asar, 'yan matan aji na kawo musu gyaɗa. Wanda ba ɗan ekip ba ko tabarmarsu bai isa ya taka ba.

Sau uku ina zuwa gwaji, sau uku suna kora ta da dariya. Sai ran nan kapiten da kansa ya kira ni, wani zabgegen saurayi da ya maimaita aji har malamai suka gaji da ganinsa.

"Ƙanena, wace shekara aka haife ka?"

Na faɗa masa. Ya dubi Mushe, malaminmu na wasanni, suka yi murmushi.

"Gobe kawo takardar haihuwarka. Ka shiga ekip."

Wata biyu na yi cikin gata. Aka ba ni mayo, wato rigar wasa, aka matsa mini wuri a tabarma, har kofin shayi ake miƙo mini. Kaina ya kumbura. Na daina gaida 'yan ƙauyenmu in mun haɗu a hanya, abin da har yau nake jin kunyarsa.

Da aka sa ranar karawa da wata koleji ta Magarya, a gasar 'yan ƙasa da shekara sha biyar, na aika wa babana. Tun asuba ya hau jakinsa ya taho.

Kafin a fara, alƙalin wasa ya jera mu, katunanmu a hannunsa, yana kiran suna yana duba foto. Da ya kira nawa na ɗaga ƙafa, sai na ji Mushe ya riƙe mini riga ta baya. Kapiten ya amsa, ya fita gaba. Katin da sunana ne da shekarata, amma foton nasa ne.

"Zauna," in ji Mushe a kunnena. "Ka buɗe baki, ka bar ekip yau."

Na waiwaya, na ga 'yan ekip suna ƙunshe dariya. Ashe kowa ya sani sai ni. Har 'yan kallo an gaya musu da wane suna za su riƙa kiran kapiten, don kada mutanen Magarya su gane. Ƙwallo biyu ya ci ran nan. Fili ya ɗauka da sunana, ni kuwa ina zaune a ƙasa ina gadin takalma.

Da aka tashi na iske babana yana kwance jakinsa. Sunan mahaifinsa ya raɗa mini, shi ya sa bai taɓa furta shi ba, don kunya. "Babana" yake ce mini tun ina goye.

"Babana," ya ce a hankali, "shekara sha huɗu bakina bai kama sunan nan ba. Yau na ji shi a bakin kowa, a kan ɗan wani. Da saninka aka yi?"

Mushe yana tsaye kusa da mu yana jinmu. Can gefe an fara hura gawayin shayi, wani yana ɗaga mini hannu. Gaskiya ita ce cutata aka yi, kuma da na faɗa da babana ya tsaya mini. Amma ina son tabarmar nan.

"Da sanina, Baba."

Ya ciro ƙullin dabinon da ya kawo wa abokaina, ya ajiye a ƙasa, ya hau jakinsa.

Sati bai cika ba aka karɓe mayon, tunda katin yana hannunsu. Babana ya yi shekara tara bayan nan a duniya. In zai kira ni, "kai" yake cewa.